Ranar da Injiniya Hammanjoda Ya Ta da Sabar Lau

A garin Jalingo, daga Nukkai har Kona, babu mai musun cewa Allah Ya yi wa Injiniya Hammanjoda Abbo baiwa. Wanda ya yi musu, to bai ga katinsa ba ne. Ɗan ƙaramin kati ne kamar na kowa, amma muƙamai biyar ne suka cunkushe a fuskarsa, har lambar waya ta rasa wuri ta koma baya. Shi ne Babban Jami'in Fasaha na Asibitin Jam Ɓandu, asibiti mai zaman kansa da ke da rassa uku. Shi ne kuma Masanin Rumbun Bayanai. Sauran muƙaman ukun da Turanci suke, kuma shi kansa sai ya ja numfashi kafin ya karanto su.

Idan ya shigo harabar asibiti, igiyoyin katin shaida uku ne ke lilo a wuyansa. Tabaransa farin gilashi ne wanda babu likitan da ya rubuta masa. Ba ya sauri, domin babban mutum ba ya sauri. Ba ya amsa gaisuwa da baki, sai da ɗan yatsa.

Kuma a yi adalci, mu mutanen gari mu muka fara. Shekara goma sha biyu da suka wuce yana gyaran waya a wata 'yar rumfa a kasuwa, wani mai gaggawa ya kira shi Injiniya don ya duba tasa da wuri. Sunan ya zauna daram. Ya je kwas na sati biyu a Abuja, ya dawo da takarda mai ruwan zinariya a gefe, muka ƙara masa Sarkin Saba. A lokacin ba mu san mece ce saba ba, amma mun ga ta dace da sarki.

Gaskiyar da shi ya fi kowa sani ita ce magani ɗaya tak ya iya yi wa na'ura: a kashe, a kunna. Kullum da safe idan ya tsaya gaban madubi yana karya hula, yakan ce wa mutumin da ke ciki, "Malam, yau ma Allah Ya rufa mana asiri." Na cikin madubin bai taɓa ƙin cewa amin ba.

Asirin kuwa ya daɗe a rufe, domin akwai Ruwaida Saleh. Mace ce mai 'ya'ya huɗu, ta haura arba'in, ta karanci kwamfuta a jami'a, kuma muƙami ɗaya ne a katinta: Mataimakiya. Ita ta haɗa manyan kwamfutocin nan uku da 'yan ofis ke kira saba, waɗanda ke riƙe da fayil ɗin kowane majinyaci. Ita ta haɗa, shi yake bayani.

"Ku dubi na'urar nan da kyau," yakan ce wa baƙi, yana shafa ta kamar saniyar da ya yi kiwo tun tana maraƙa. "Uku gare ni irinta. Ɗaya a nan Nukkai, ɗaya a Kona, ɗaya a Lau. Abin da aka rubuta a ɗaya, kafin ƙiftawar ido sauran biyun sun kwafe. Ɗaya ta faɗi, biyu su riƙe asibiti. Wannan tsari, a duk yankin nan, kai ɗaya ne zai iya ɗaukarsa."

Sai ya taɓa kan nasa, don kada wani ya yi kuskuren wane kai ake nufi.

Akwai sauran bayanin da ba ya kaiwa gare shi, domin bai taɓa tsayawa ya ji ƙarshensa ba. Idan biyu suka faɗi, ta ukun ba ta yarda ta karɓi ko harafi ɗaya ita kaɗai. Asibitin gaba ɗaya ne zai tsaya cak.

Ranar wata Asabar cikin damina, da azahar, sabar Lau ta faɗi. Ruwaida ta gani a wayarta, ta aika masa saƙo. Ya amsa da kalma biyu: "Ina sane." Ta roƙi babbar kalmar sirri ta shiga ta duba daga nan Jalingo. Bai amsa ba. Kalmar nan ita ce rawaninsa, kuma ba a aron rawani. Ranar Lahadi bai ɗauki kiran aiki ba, saboda yana da ƙa'ida.

Litinin da hantsi mai asibitin, Dakta Amatullah, ta kira shi ofishinta. Wayarta na kan tebur a buɗe, muryar Tobias, babban nas na reshen Lau, tana fitowa daga ciki.

"Oga Injiniya, saba ya mutu tun Asabar fa. Kwamfuta namu duka ta wurinsa yake bi, yanzu ba ya nuna komai. Mun koma biro da takarda. Mutane ya cika benci."

"Tobias, kwantar da hankalinka," in ji Injiniya, yana kallon silin. "Abin da kake gani alama ce ta matsala mai zurfi. Irin wannan sai na zo da kaina."

Ruwaida, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce batiran Kona sun tsufa, idan aka ɗauke wuta a can ba za su wuce awa ɗaya ba, janaretansu kuma yana wurin gyara. Dakta ta dubi Injiniya, ta dubi Ruwaida, sannan ta ce su tafi tare.

"Ba laifi," in ji shi. "Za ta ƙaru."

Ya shiga gaban motar asibiti, Ruwaida na baya da laftof a cinya. Hanyar Lau ta sha ruwa, direba yana kauce wa wannan rami ya faɗa wancan. Injiniya ya lumshe ido kamar mai zurfin tunani. Tunanin kuwa ɗaya ne. Idan ya kashe ya kunna ba ta tashi ba fa? Ya ce wa ransa, "Hammanjoda, kai da ka saba da wayar da ta faɗa miya, wa ya aike ka?" Sai ya koma shirya jawabi, domin wannan kam ya iya.

Sun tarar da reshen Lau kamar tashar mota. Mata da goyo, dattawa da sanduna, takardu a kan kowane tebur an danne su da duwatsu. A bencin gaba akwai wata tsohuwa, Inna Hajja, wadda ɗanta ya kawo a babur daga rugarsu tun da sassafe. Ciwon suga gare ta, kuma ya hau. Tobias ya ja su gefe ya yi bayani. Bara an ba ta wani magani da ya kusa kashe ta, likitan da ya duba ta a lokacin ya bar aiki, sunan maganin yana cikin fayil ɗinta. Ya kira Nukkai a duba masa, amma masu suna Hajja sun fi sittin a rumbun, ita kuma katinta mai lamba ya jiƙe ya narke tun farkon damina. Hotonta ne kawai zai raba gardama, kuma sai a nan za a ɗora fuska a kan hoto. Da aka tambaye ta wane magani ne, cewa ta yi fari ne, ƙarami.

"Duka maganinmu fari ne ƙarami, Oga," in ji Tobias. "Ina tsoro in ba shi."

Da wani ne, da ya wuce kai tsaye ɗakin na'ura. Injiniya ya sa aka tara ma'aikata.

"'Yan'uwa, abin da ya faru a nan ba ƙaramin abu ba ne. Saba ba ta mutuwa haka kawai. Ko dai masu kutse daga ƙasashen waje sun gano darajar aikina, ko kuma wani a cikinku ya taɓa abin da ya fi ƙarfin iliminsa." Ya tsayar da ido a kan Manasseh, dattijon da ke share ɗakin. "Na'ura ba ta ƙarya. Duk wanda ya yi, za ta faɗi sunansa, kuma ni da kaina zan kai shi gaban Dakta."

Manasseh ya ce shi ko ƙurar akwatin ba ya sharewa, tun ranar da aka ce masa yana kama mutum.

Aka buɗe ɗakin. Ɗan tsukuku ne mai fanka ɗaya, ga saba a bisa wata kantar ajiya, fitilarta ja. Ma'aikata suka yi cincirindo a ƙofa don su ga yadda manya ke aiki. Injiniya ya naɗe hannun riga, ya kara kunne a jikin akwatin kamar mai sauraron bugun zuciya, ya gyaɗa kai. Sannan ya yi bismilla ya kashe, ya ƙirga goma, ya kunna.

Ta yi gurnani, rubutu ya gudana a allo, fitila ta yi ruwan ɗorawa. Zuciyarsa ta yi tsalle. Sai ta koma ja.

"Kamar yadda na zata," in ji shi.

Ya sake. A karo na uku har ashirin ya ƙirga, ya ƙara da salati. Ja dai. Gumi ya fara bin bayansa yana gangarawa cikin wando. Duk iliminsa ke nan ya zazzage a gaban jama'a, sau uku, kuma ko minti goma ba a yi ba.

Sai ya tuna da littafin kwas ɗinsa na Abuja. Ya zaro shi, ya buɗe wani shafi inda ya taɓa kwafar wani dogon umarni daga allo, ya ja masa layi biyu, ya rubuta a gefe: "Mai ƙarfi sosai." Bai rubuta abin da yake yi ba. Ya shigar da kalmar sirri yana kare allon madannai da hula, ya shiga kwafar umarnin harafi bayan harafi da yatsa ɗaya.

"Yanzu zan ba ta umarni na musamman," ya sanar. "Za ta miƙe ta shugabanci 'yan'uwanta."

Yatsansa yana sama zai sauka a kan maɓalli, Ruwaida ta riƙe bakin hannun rigarsa. A shekara shida bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Injiniya, don Allah dakata. Wannan umarnin cewa yake Nukkai da Kona su zubar da abin da ke hannunsu su bi na Lau. Ita kuwa Lau tun Asabar ba ta san abin da duniya ke ciki ba. Duk abin da aka rubuta kwana biyun nan zai tafi. Jarirai goma sha ɗaya aka haifa. Akwai sakamakon gwajin jini, akwai masu tiyata gobe."

Injiniya ya dubi yatsansa kamar na wani ne aka ba shi riƙo. Jarirai goma sha ɗaya. Amma baki, da yake ya riga ya saba, bai jira shi ba.

"Madalla. Gwada ki nake yi. Kin ci." Ya miƙe daga kujera. "Zauna ki ci gaba, ina kallo. Haka ake koyo."

Ta zauna. Ta ce abu na farko shi ne a tambayi na'urar abin da ya same ta, domin tana da littafin da take rubuta wa kanta duk abin da ya faru, da lokaci, da sunan wanda ya yi. Injiniya ya ce daman nan zai zo. Ta buɗe, ta gangara zuwa Asabar. Layin ƙarshe gajere ne, kuma ta fassara shi da Hausa: babu sauran wuri.

"Cikinta ne ya cika," in ji ta. "Ta nemi inda za ta rubuta ta rasa, sai ta tsaya. Ba ta lalace ba."

"To me ya cika shi?" in ji Tobias. "Fayil namu ba ya da yawa haka."

Ta bincika. Wata jaka ce guda ɗaya ta cinye kusan komai. Ruwaida ta ga sunan, ta ɗan karkatar da allon. Amma Tobias dogo ne, kuma yana alfahari da karatunsa. Ya leƙo ta saman kanta ya karanta da ƙarfi, yadda har na baranda za su ji.

"Muhimmi, kada a taɓa. Bikin karrama Injiniya. Wanda ya saka, Sarkin Saba. Asabar, ƙarfe ɗaya da kwata."

Sai a lokacin abin ya dawo masa. Makon da ya wuce wata ƙungiya ta ba shi lambar Gwarzon Fasaha a ɗakin taron wani otal, tare da wasu gwaraza talatin da shida. Mai ɗaukar bidiyo ya ara masa faifan bikin, awa shida cur a kashi tara, ya ce a dawo da shi Asabar zai goge ya yi wani aiki. Laftof ɗin Injiniya bai ɗauka ba. Sai ya yi tunani irin na manya: ina ne wuri mafi tsaro a duk Taraba? Tun Juma'a ya fara tura shi sabar Lau, inda babu mai leƙawa, ya kammala Asabar da azahar, ya mayar da faifai, ya shiga murna. Ko kallon bidiyon bai samu ya yi ba.

Manasseh ya jingina da tsintsiyarsa. "Ashe da gaske na'ura yana faɗin suna," in ji shi, cikin girmamawa.

Injiniya ya buɗe baki. Akwai jawabi a kan gwajin ƙarfin ma'ajiya da ya fara haɗuwa a kansa, har ya sami kalmar Turanci ta farko. Sai wayar Ruwaida ta yi ƙara. Daga Kona ne. An ɗauke wuta, batir ya fara kuka.

"Dole a share jakar nan yanzu," in ji ta. "Idan sabar ta sami wuri za ta tashi, ta bi 'yan'uwanta ta kwafi abin da ya wuce ta. Kwafar za ta ci kamar minti arba'in. In Kona ta mutu kafin ta gama, Nukkai ta zama ita kaɗai, komai ya tsaya."

"A mayar da bidiyon Jalingo tukuna," in ji Injiniya.

"Da wannan sabis ɗin? Kwana guda ka yi kana turo shi."

"Shi kaɗai ne kwafin da ya rage a duniya, Ruwaida."

Ya faɗa a hankali, ba da muryar jawabi ba. Ta dube shi, kuma da alama ta ji tausayinsa, abin da ya fi masa zafi fiye da dariya. Ta karɓi wayarsa ta duba, ta ce kashi ɗaya cikin taran zai shiga, ya zaɓa, amma babu lokacin buɗewa a gani.

Ya yi lissafi irin na masana. Manyan mutane a ƙarshe ake kiransu, kuma shi ya tuna sai can wajen ƙarshe aka kira shi. "Na tara," in ji shi.

Ta jona waya, ta kwafe. Daga baranda aka ji Inna Hajja tana kiran ɗanta da Fulatanci, muryarta ta yi ƙasa. Ruwaida ta rubuta umarnin sharewa, ta tura masa allon madannai, domin jakar da sunansa take. Ya tsaya. Awa shida. Sabuwar shadda, ɗinkin Kano. Tafin da aka yi masa. Ya ce a ransa, "Gwarzon Fasaha, ga fasaharka nan ta kwantar da tsohuwa a benci." Ya rufe ido ya danna.

Daga nan aikin bai da wani abin kallo, shi ya sa ba a ba da lambar yabo a kansa. Ruwaida ta ta da rumbun, ta gaya wa sabar Lau cewa ita mabiyiya ce, ba shugaba ba. Wani siririn layi ya bayyana yana tafiya kamar hawainiya. Kashi goma cikin ɗari. Kashi talatin. Ruwan sama ya sauko, sabis ya yi rauni, layin ya tsaya a hamsin da biyu har tsawon minti biyar. Mutumin Kona ya sake kira ya ce kukan batir ya canza. Injiniya, wanda babu abin da zai iya yi, ya tsinci kansa riƙe da wayar Ruwaida a saman taga inda sabis ya fi kamawa, hannu a miƙe, ruwa na jiƙa masa shadda. Shi ne aiki mafi amfani da ya yi wa asibitin a shekarar, kuma ya san haka.

Fitila ta koma kore da ƙarfe biyu saura. Bayan minti shida Kona ta mutu. Nukkai da Lau suka riƙe.

Tobias ya ruga. Ya bi hotunan masu suna Hajja ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan fuskarta, ga sunan maganin an rubuta da jan gargaɗi. Shi ne kuwa wanda aka fi bayarwa, wanda ke saman kantar magani. Ya ɗauko wani dabam. Kafin la'asar Inna Hajja ta tashi zaune, ta nemi ruwa, ta fara yi wa ɗanta faɗa a kan ya bar shanu da yara.

Mutum irin Injiniya ba ya daɗewa a ƙasa. Da ya ga fuskoki sun saki, ana ta sannu da aiki, sai ya ji iska tana komawa cikinsa sannu a hankali. Ya goge tabarau. Ya gyara igiyoyin wuya. Kafin a ankara yana tsaye a tsakiyar ɗakin jira.

"'Yan'uwa, yau kun ga abin da ake kira sadaukarwa. Shugaba na gari shi ne wanda zai share tarihinsa da hannunsa domin talaka ya rayu. Na kuma yi amfani da damar na horar da ma'aikaciyata, kun gani da idonku. To don kada a ce an yi asara duka, na tsirar da kashi mafi daraja. Tobias, jona wayar nan da talabijin. Bari mutanen Lau su ga yadda ake karrama ilimi."

Ruwaida ta ce ko ya bari sai sun koma gida ya fara gani shi kaɗai. Ya ɗaga mata ɗan yatsa.

Majinyata suka gyara zama. Hoto ya fito. Ga ɗakin taron otal, ga fitilu, ga jan kyalle a kan dandamali. Sai dai dandamalin babu kowa. Wasu ma'aikata suna ɗora kujeru a kan juna, wata mata tana naɗe labule. Da alama mai bidiyon ya kafa kyamararsa ya tafi sallah ya manta da ita.

"Ku yi haƙuri, yanzu za a zo wurin," in ji Injiniya.

Aka zo wurin. Daga gefen hagu wani mutum ya shigo cikin sabuwar shadda, lambar yabo a hammata. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya matsa kusa da teburin manyan baƙi, inda aka bar tiren kaji. Ya zaro baƙar leda daga aljihu, ya karkaɗe ta. Sannan, cikin natsuwa da ƙwarewa, yana ɗagawa yana dubawa yana mayar da wadda ba ta yi masa ba, ya shiga tsince cinyoyi.

Babu wanda ya yi dariya, domin mutanen Lau suna da ladabi. Tobias ya shiga neman rimot a inda ya san ba ya nan. Inna Hajja ce ta matso gaba a bencinta, ta ƙanƙance ido, ta dubi talabijin, ta dubi mutumin da ke tsaye kusa da ita, ta sake duban talabijin.

"Kai, wannan ba shi ne likitan akwatin ba?" ta tambayi ɗanta. Sannan ta gyaɗa kai, irin na wanda ya ga gwani a bakin aikinsa. "Allah Ya yi masa albarka. Nan kam ya san abin da yake yi."